Baba Ya Ce Da Sauƙi

Abin da ya fara yi mini maraba a Koriya ta Kudu haɓo ne. A makona na farko a ɗakin gwaji, ina tsaye ana nuna mini injina, sai na ji wani abu mai ɗumi yana bin leɓena. Na shafa, na ga jini. Ko mutum ɗaya bai razana ba. Wata ɗaliba ta miƙo mini auduga ba tare da ta ɗago kai ba, ta ce kowa da haka yake farawa, ɗakin ne.

Busasshen ɗaki ake ce masa, kuma ya ci sunansa. A nan ake haɗa batir irin na waya da na mota, mai sinadarin litiyam, shi kuwa litiyam ba ya shiri da ruwa ko kaɗan. Injina ne ke zuƙe laimar iskar ɗakin ba hutawa. Leɓe ya tsage, ido ya yi yaji, maƙogwaro ya bushe. Ba a shiga da ruwan sha, ba a shiga da waya. Ni kuwa 'yar masunci ce. A Dagona aka yanke mini cibiya, a Gashuwa na girma, a gidan da koma ke shanye a kan katanga kuma komai warin kifi yake. Duk faɗin duniya, sai ni Hadiza Allah ya ɗauko ya kai ɗakin da ake korar ruwa.

Rannan na yi alwalar azahar, na yi salla a bayan matakala, na koma ciki da sauri. Ashe hannun rigata da bakin hijabina da sauran danshi. Ƙararrawa ta ɗauki kuka, kowa ya juyo yana kallona. Farfesan da nake ƙarƙashinsa ya fito, dogon dattijo marar yawan magana, ya dubi hannun rigata, ya ce in fita in bushe. Na tsaya a baranda ina karkaɗa hannu, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Daga ranar na koyi zama a gaban na'urar ɗumama ɗaki bayan kowace alwala.

Aikin da na je koyo ba shi da wuyar faɗi, don har Baba na yi wa bayaninsa a waya ya gane. A cikin batir akwai falle biyu na ƙarfe, sirara kamar takardar alawa, ɗaya na jan ƙarfe, ɗaya na alminiyam. Kowanne an shafe shi da wani baƙin kunu an busar. In ka sa caji, litiyam ya tashi daga wannan falle ya shige wancan ya zauna. In kana waya, ya dawo. Baƙin da aka saba shafa wa fallen jan ƙarfe irin na cikin fensir ne, ba ya ɗaukar litiyam da yawa. Silikon, wanda daga yashi ake tace shi, yana ɗaukar ninkin-ba-ninkin. Matsalarsa ɗaya ce. In ya sha litiyam sai ya kumbura, in ya sake shi sai ya sace. Yau kumburi, gobe sacewa, har ya tsattsage ya ɓanɓare daga jikin ƙarfen, batir ya mutu. Nawa aikin shi ne in nemo danƙon da za a dama kunun da shi, wanda zai riƙe silikon ko ya kumbura.

Baba ya saurara har na kai aya, sannan ya ce, “Uwata, wato yashi kika tafi nema har bangon duniya? Da kin yi magana ai da na kai ki Yusufari, ki ɗiba har ki gaji.”

Uwata yake ce mini, don sunan mahaifiyarsa na ci. Shi ne ya tsaya kai da fata sai na tafi, lokacin da dangi ke ta surutun wa ya taɓa ganin an tura 'ya mace ƙasar da ko kiran salla ba a ji.

Danƙon da ake da shi a ɗakin duk na gwada, duk suka ba ni kunya. Ina cikin karance-karance na ga wasu sun taɓa gwada ƙaro. Na yi dariya ni kaɗai. Ƙaro dai, wanda muke jefawa a tawada don ta kama allo, wanda buhunansa ke jibge a kasuwar Nguru. Na kira Baba na ce ya samo mini mai kyau, marar datti. Dama yakan kai banda Nguru, kuma yana da aboki a can mai sayar da ƙaro, wani dattijon Babarbare da ake kira Ba Modu.

Sai da aka daɗe kafin saƙon ya iso. A gwangwanin madara ya zo, an naɗe shi da leda an ɗaure da zaren koma, irin ƙullin da Baba kaɗai ke yi. Na buɗe, na ga ƙaro garai-garai, ko ɓawon itace ɗaya babu. Gwangwanin kuwa ya kwashi ƙamshin banda. Na zauna a ƙasan ɗakina na rungume shi ina shinshinawa, na yi kukan da ban yi ba tun zuwana. Kewar gida ta yi mini yawa a lokacin nan, har abinci ba ya wuce mini.

Wadda ta riƙa rage mini zafi wata tsohuwa ce mai sayar da kifi a kasuwar unguwarmu. Ba na jin yarenta sai kaɗan, ita ba ta jin nawa sam. Ranar farko na tsaya ina kallon wata tarwaɗa a bahonta. Ta miƙo mini wuƙa cikin zolaya, tana ganin zan gudu. Na karɓa, na kama tarwaɗar ta bayan ƙaya, na gyara ta tas. Tsohuwa ta tafa hannu, ta kira maƙwabtanta su gani. Tun daga nan in na zo wucewa sai ta jawo ni ta zaunar a kan akwati, ta zuba mini romo mai zafi, ta tsaya a kaina sai na shanye.

A ɗakin gwaji kuwa akwai babban ɗalibi, wanda ya girme mu duka a karatu, kuma a can girma a karatu ba abin wasa ba ne. Ranar da ya ga ina jiƙa ƙaro ya ɗauki ɗaya ya ɗaga, ya ce alawar Afirka na kawo musu, aka yi ta dariya. Na dama kununa, na shafa a jan ƙarfe, na gasa har ruwan ya fita ƙarƙaf, na haɗa ƙananan batira na jera su a injin da ke cika su yana juye su. Nasa suka fara mutuwa, nawa suna nan. Sai ga shi ranar taron mako ya miƙe yana bayanin sakamakona da yarensu, yana nuna ƙirjinsa. Rabin maganar kawai nake tsinta, amma a rahoton da ya haska a allo na ga sunana can ƙasa, ƙanƙane. Ni da bakina ba ya shiru a gida, har Inna kan ce da baki aka fara halittata, ranar nan haɗiye maganata na yi.

Farfesa bai ce komai a kan wannan ba, amma ya fara tsayawa a teburina. Akwai abin da yake yawan nanata mana. In ɗalibi ya zo yana murna da lambobin da injin ya nuna, sai ya ce, “Kada ka yarda da allo. Buɗe batirin ka duba fallen da idonka.” Na riƙe wannan magana, don ta yi mini daidai.

Ana shiga sanyi yayana Lawan ya kira ni. Shagon cajin waya gare shi a kasuwar Gashuwa, kuma ba mai kira ba ne sai da dalili. Ya yi ta kewaye-kewaye, ya tambayi karatu, ya tambayi sanyi. Na ce, “Yaya, don Allah faɗi abin da ka kira ka faɗa.”

Ya ce, “Ƙafafun Baba ne suka ɗan kumbura. Mun kai shi Nguru, sun ce ƙoda ce. An fara yi masa wankin ƙoda.”

A Gashuwa ba a yi wa kowa bayanin ciwon ƙoda. Layi da wuya ka samu wanda bai shiga wani gida ba, kuma mun san yadda yake farawa, mun san inda yake ƙarewa. Na kira Baba a tsohuwar wayarsa, wadda batirinta ya kumbura har sai da ya ɗaure murfin da kyauro. Na ce, “Baba, ya jiki?”

Ya ce, “Da sauƙi, Uwata. Ya ƙaron, ya kama?”

Kafin in ba shi amsa wayar ta mutu.

Washegari na shiga ofishin Farfesa na ce ina neman izinin zuwa gida, mahaifina ba shi da lafiya. Ya ce gwajin batirana sai ƙarshen sanyi zai kammala, kuma a kansa hukumar da ta ɗauki nauyina za ta yanke ko in ci gaba ko in tattara. In na tafi ba da izininsa ba, gurbina ya rufe, aikin kuma ya koma hannun babban ɗalibi. Amma in ciwon ya yi tsanani, zai san yadda zai yi. Sannan ya ce yana so ya gaishe da mahaifina da kansa. Na ji daɗi. Na ce a raina, da ya gan shi magana ta ƙare.

Muka sa rana. La'asar ce a wurinmu, hantsi a gida. Lawan ya kira da babbar wayarsa mai hoto, na jingina tawa a teburin Farfesa. Hoton ya buɗe. Baba na zaune a kan kujera a zaure, ya sa farar babbar rigarsa ta Idi, ya kafa hula, an rufe masa ƙafafu da bargo. Ni na ga yadda fuskarsa ta cika, na ga yadda idanunsa suka shige, na ga hannun Lawan a bayan kafaɗarsa yana tallafe da shi. Wanda bai san shi ba kuwa, dattijo zai gani mai ƙiba da kwarjini, yana murmushi.

Farfesa ya miƙe ya rusuna masa. Na buɗe baki zan yi tafinta, sai ya ɗaga mini hannu, ya fito da wayarsa mai manhajar fassara, wai don ya girmama Baba su yi magana kai tsaye. Ya yi tambayarsa, wayar ta faɗa da wata Hausa mai sanyi, “Yaya jikinka?”

Baba ya gyara zama ya ce, “Da sauƙi, Malam, alhamdu lillahi. Sauƙi sai ƙaruwa yake. Ga amanar yarinya nan, a riƙe ta da kyau.”

Na leƙa allon wayar Farfesa, na ga abin da ta rubuta masa da Turanci. Ta ce yana warkewa, kullum yana ƙara samun lafiya. Fuskar Farfesa ta washe. Ya yi wa Baba fatan alheri, ya ce 'yarsa haziƙa ce, ya sake rusunawa. Aka kashe waya.

Na ce, “Farfesa, ba haka yake nufi ba. A wurinmu kowane majinyaci haka yake cewa. Wanda ke gargara ma, in ka tambaye shi, da sauƙi zai ce.”

Ya dube ni da mamaki na gaskiya, ba na mugunta ba. Ya ce, “Kina nufin mahaifinki ƙarya ya yi mini?”

Jinina ya hau. Na ce, “Ubana bai taɓa ƙarya ba.”

Ya ce, “To ai shi ke nan, yana samun sauƙi. Ki gode wa Allahnki, ki ƙarasa gwajin. Da sanyi ya wuce ni da kaina zan sallame ki.”

Na tsaya ina neman kalma. Yaya zan gaya masa cewa maganar nan ba rahoto ba ce, godiya ce da roƙo a haɗe? Turancina ya ƙare, na Koriya dama bai kai ba. Mutumin da ya koya mini kada in yarda da allo ya mayar da wayarsa aljihu, ya jawo takardunsa, na fito.

Da na samu Baba shi kaɗai a waya, faɗa na rufe shi da shi, irin wanda ban taɓa yi masa ba. Na ce, “Haba Baba, me ya sa? Da ka yaye bargon nan da yanzu ina hanya.”

Ya yi dariya, numfashinsa na sarƙewa. Ya ce, “Uwata, malaminki ne fa. In yaye masa ƙafata? Kuma ya tambaye ni jiki, so kike in kai ƙarar Ubangijina wurin baƙo?”

Na ce to zan taho ko da izini ko babu.

Muryarsa ta canja. Ya ce, “Ban yarda ba. Ki bar wa wancan yaron ƙaron da na tsince da hannuna? Ki zauna ki ga ƙarshen abinki. Ina nan.”

Na zauna. Sanyin shekarar nan ya yi tsawo. Kullum da safe in shiga busasshen ɗaki in duba batirana, in na fito in kira gida in ji da sauƙi. Inna ta ce da sauƙi, Lawan ya ce da sauƙi. Sai na koma sauraron abin da ke bayan maganar. Ko Baba ya iya kai ƙarshen gaisuwa bai tsaya ba, ko a zaure yake ko a ɗaka, ko ina jin muryoyin mata da yawa a tsakar gida. Tsoro ya hana ni sakat, kuma ba wanda zan faɗa wa.

Wata ranar Laraba na daɗe a ciki ina haɗa sababbin batira. Da na fito na buɗe akwatin da muke ajiye waya, na tarar Lawan ya yi ta kira. Na kira shi. Bai yi kewaye-kewaye ba wannan karon. Ya ce, “Hadiza, sai haƙuri. Yanzu muka dawo daga kai shi.”

Abin da ya ba ni haushi, hawaye ya ƙi zuwa. Ɗakin ya shanye mini ido. Na sa takalmi na fita, ƙafata ta kai ni kasuwa. Tsohuwa mai kifi ta dube ni sau ɗaya, ta ajiye wuƙa, ta rufe bahonta da katako alhali ga masu saye a tsaye. Ta zaunar da ni, ta riƙe hannayena biyu cikin nata masu sanyi da ƙarni. Ƙarnin nan ne ya ɓalle mini kuka. Ta bar ni na yi har na gaji.

Farfesa da ya ji, ya zo har teburina ya rusuna, ya daɗe bai ɗago ba. Ya ce bai gane ba. Na ce na sani. Ban riƙe shi a zuci ba, amma ban iya kallon fuskarsa ba har na bar ƙasar.

Ƙarshen sanyi gwaji ya kammala. Na buɗe batirin na sa fallen a madubin ƙara girma. Silikon ya kumbura ya sace ba adadi, amma yana nan manne da jan ƙarfen, tsagar da ke jikinsa ba ta taka kara ta karya ba. Ƙaron ya riƙe. Farfesa ya mayar da sunana sama a rahoton, ya ce in je gida in huta in dawo, ya tanadar mini gurbin digiri na gaba. Kowa na taya ni murna, ni kuwa ban ji komai ba.

Daga Kano na hau motar Haɗeja, daga nan na samu ta Nguru. Kafin in nemi ta Gashuwa na shiga kasuwa na tambayi rumfar Ba Modu. Da na faɗi sunan Baba, dattijon ya tashi tsaye yana gaishe ni da Barbarci, “Wushe, wushe, 'yata,” ya shimfiɗa mini buhu. Muka yi wa juna gaisuwar rashi. Ya nuna mini wani lungu a rumfar ya ce, “A nan ya zauna. Ya sa na zazzage masa buhu guda, yana ɗaga kowane ƙaro yana duba shi a rana. Daga asibiti ya biyo ranar, yatsunsa duk sun kumbura, abin na ta suɓuce masa. Na ce ya kawo in taya shi, ya ce a'a, na Uwata ne.”

Na lissafa a raina. Tun kafin sanyi ke nan, tun kafin Lawan ya kira ni da daɗewa. Na ce, “Ba Modu, ba ka tambaye shi jikin ba?”

Ya ce, “Na tambaya mana.” Bai ƙarasa ba, ni ma ban ce ya ƙarasa ba.

Na isa Gashuwa da yamma. Koma na nan a kan katanga, rana ta cinye ta. Wayar Baba na kan taga da kyauronta. Inna ta fito daga ɗaki tana dafa bango, ta rungume ni muka yi kuka, sannan ta zauna a tabarma tana tambayata ko can ana samun gero, da yaushe zan koma. Na ce bayan Salla, in Allah ya yarda. Tana magana tana jan zanenta ƙasa. Na lura silifas ɗin Baba ne a ƙafarta, nata na ajiye a bakin ƙofa.

Na ce, “Inna, ya jiki?”

Ta ce, “Da sauƙi.”

Na matsa kusa na kama ƙafarta na ɗora a cinyata. Ta ce, “Ke Hadiza, meye haka? Sakar mini ƙafa.” Ban saka ba. Na ɗage zanen, na danna babban yatsana a ƙaurinta, na ɗan riƙe, na ɗauke. Ramin da yatsan ya yi ya tsaya yadda yake, bai cike ba.

Lawan na tsaye a bakin zaure da akwatina a hannu, ya kawar da kai. Na ce, “Yaya, ka nemo mana motar Nguru ta sassafe. Akwatin kuma kai shi ɗakin Inna, ka ɗora a kan sif can sama. Ba yanzu zan neme shi ba.”